Maɓallin dusar ƙanƙara a motar Gumel: yadda ake tuƙa mota mai turi da tayoyin baya a santsi da rairayi

Duk wanda ya taɓa shiga Marsandi 'yar Kwatano ta wajajen shekarar 2000, irin C-Class ko E-Class mai giyar otomatik, zai ga wani ɗan maɓalli kusa da sandar giya mai haruffa biyu, W da S. A Lexus IS ko GS kuma abin da aka rubuta a jiki shi ne SNOW. Akasarin masu irin waɗannan motoci a Kano da Jigawa ba su taɓa danna shi ba. Wasu sun danna, sun ji motar ta yi nauyin tashi, sun mayar da shi yadda yake suna cewa ba shi da wani amfani. Kuma suna da hujja. An yi shi ne saboda hunturun ƙasashe irin su Jamus da Kanada, inda dusar ƙanƙara ke rufe titi na tsawon watanni. A Gumel kuwa ƙanƙara sai a firji, sai a kular mai sayar da ruwan leda, sai kuma wadda kan faɗo jefi-jefi da damina.

Sai dai taya ba ta san sunan abin da take takawa ba. Abin da ya dame ta shi ne ko ta samu riƙo ko ba ta samu ba. A yankin Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar akwai abubuwa biyu da ke ƙwace mata wannan riƙo kamar yadda hunturun Turai ke yi. Akwai santsi, wato laka da kwaltar ruwan farko, wanda ke yi wa mota abin da daskararriyar ƙanƙara ke yi mata. Akwai kuma rairayi mai zurfi, wanda ya fi kama da tulin dusar ƙanƙara. Inda ake shan wahala shi ne dabarar da ke ceton direba a ɗaya ita ce ke kafar da shi a ɗayan, har da maɓallan da ke gabansa. Motar da ta fi saurin nuna wannan bambanci kuwa ita ce wadda injinta ke juya tayoyin baya.

Wace mota ce mai turin baya?

Mota iri uku ce a wannan fanni. Akwai mai jan gaba, wadda injinta ke juya tayoyin gaba, na baya kuma bi kawai suke yi: Golf, Sharan, Corolla, Camry, Lexus ES, har da tsohuwar J5. Akwai mai turin baya, wadda ƙarfin injin ke bi ta wani dogon ƙarfe a ƙarƙashinta, wanda makanikai ke kira farfela, ya isa aksul na baya: Hiace, akasarin Marsandi da BMW, Lexus IS da GS, ƙananan a-kori-kura. Sannan akwai fo-wil, mai juya duka huɗun. A nan akwai abin da mutane da yawa ke mantawa: Hilux mai fo-wil, muddin tana kan 2H, mai turin baya ce tsantsa, kuma a haka take yin kusan dukkan tafiyarta. Haka akasarin Marsandin da babu rubutun 4Matic a bayanta.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a leƙa ƙarƙashin motar. Idan an ga farfela ta miƙe daga tsakiya zuwa baya ta shiga wata tukunyar ƙarfe tsakanin tayoyin biyu, to baya na samun ƙarfi. Ko a buɗe bonet: injin da ya kwanta a tsaye daga gaba zuwa baya yawanci na mai turin baya ne, wanda ya gitta daga hagu zuwa dama kuma na mai jan gaba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsari aibi ne. Peugeot 504, Fijon da kamfanin PAN ya yi ta harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, mai turin baya ce, kuma a wannan shekarar ce Ove Andersson ya lashe gasar Safari ta Kenya da ita, a kan hanyoyin burji da laka. Shekara da shekaru ita da a-kori-kurarta suka yi suna jigilar mutane da buhunan riɗi da zoɓo daga ƙauyuka zuwa Gagarawa Tasha, garin da ya samo sunansa daga tashar jirgin ƙasa ta layin Kano zuwa Nguru. Masu ƙera motocin ɗaukar kaya na son wannan tsari ne saboda lodi a baya yake zama, yana danne tayoyin da ke turi. Matsalar tana farawa ne idan babu lodin, ko idan hanya ta yi sulɓi.

Riƙo kamar datar da aka raba ne

Inda kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ta waɗannan wurare huɗu ne komai ke bi: tashi, tsayawa, shan kwana. Kowane wuri kuma yana da iyakar ƙarfin da zai iya ɗauka, kuma iyakar ɗaya ce ga dukkan ayyukan.

Wanda ya taɓa kunna hotspot ya san yadda abin yake. Idan saurin intanet ɗin da ke shigowa wayar ƙayyadadde ne, aboki ɗaya ya fara sauke fim, to mai kiran bidiyo sai ya ga hotonsa na tsayawa. Haka tayar baya take. Idan mota na cikin kwana, wani kaso na riƙon ya tafi wajen hana bayan motar ficewa gefe. Direba ya taka totur da ƙarfi a wannan lokaci, ya nemi wani babban kaso don turi. Idan jimillar ta haura abin da ake da shi, tayar za ta saki duka biyun lokaci guda, sai bayan motar ya fita yana neman ya riga gaban. A mai jan gaba, idan aka yi wannan kuskure, hancin motar ne ke ƙin shan kwana, kuma da zarar direba ya ɗaga ƙafa sai ta dawo. Mai turin baya ba ta da wannan sassauci. Abin da samari ke kallo a bidiyon TikTok suna tafi, ana juya mota tana hayaƙi, shi ne dai wannan, sai dai can a fili ake yi da gangan, ba a kwanar da tirelar shanu ke tahowa ba.

Masana kimiyya na auna riƙo da lamba. A busasshiyar kwalta mai kyau lambar kan kai wajen 0.7 ko sama, a jiƙaƙƙiya ta sauko wajen 0.4 zuwa 0.5, a dusar ƙanƙara da aka tattake wajen 0.2, a daskararriyar ƙanƙara kuma 0.1 ko ƙasa da haka. Lissafin tazarar tsayawa ba shi da wuya, ko a kalkuletar waya za a iya yin sa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da birki ya kama, a riƙon 0.7 tana bukatar kusan mita 36 kafin ta tsaya. A 0.4 ya zama mita 63. A 0.1 kuwa ya haura mita 250, wato filin ƙwallo biyu da wani abu. Duk wannan ban da mita 22 ɗin da suka wuce kafin ƙafar direba ta kai ga birki.

Wani abin lura a lissafin: idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninki huɗu take yi. Saukowa daga 80 zuwa 60 kawai yana mayar da mita 63 ɗin nan zuwa 35. Babu wata na'ura a cikin mota da ke bayar da irin wannan rangwame.

Santsi, ƙanƙarar arewacin Jigawa

Daga Oktoba zuwa wajen Mayu kusan babu ruwan da ke wanke kwaltar Gumel zuwa Maigatari. A tsawon waɗannan watanni ƙurar hunturu na kwanciya a kai, baƙin mai da gas na ɗiga daga manyan motoci, roba na gogewa daga tayoyi, ga kashin dabbobi, musamman ranakun Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci. Ruwan farko ba ya wanke wannan datti nan take. Kwaɓa shi yake yi ya zama wani abu mai yauƙi, kuma yayyafi ya fi ruwa mai ƙarfi haɗari domin ba shi da yawan da zai ɗauke dattin daga hanya. Ido kuma ba ya ganin bambanci. A ƙasashen sanyi suna da irin wannan, wata siririyar ƙanƙara da ke daskarewa a kan kwalta ta ɗauki launinta, direba bai san da ita ba sai ya ji sitiyari ya yi sakayau a hannunsa.

Na biyu shi ne laka, a hanyoyin burji da wuraren fadama cikin Yuli da Agusta. Na uku kuma ko damina ba ya jira: yashin da iska ke watsowa kan kwalta, wanda ya fi taruwa a kwanoni da gefen hanya. Ƙwayoyinsa na mirginawa ƙarƙashin taya kamar an zuba gero a kan siminti.

A duk waɗannan, ƙa'idar da direbobin Siwidin da Kanada ke bi ita ce ke aiki: kada a nemi abu biyu daga taya lokaci guda, kuma kada a yi komai da fizga. A gama rage gudu tun mota na miƙe, kafin kwana. A shiga kwanar da totur daidai wa daida. Sai sitiyari ya fara miƙewa sannan a ƙara wuta, a hankali. Mai giyar hannu ya kula da sauke giya: idan ya koma ta biyu daga ta uku ya saki kuloci da sauri, injin zai riƙe tayoyin baya kamar an ja birkin hannu, kuma a laka wannan kaɗai ya isa ya juya mota. Na'urar riƙe gudu da kanta kuwa a kashe ta da zarar hanya ta jiƙe.

Nan ne maɓallin nan ke da rana. Abin da W ko SNOW ke yi shi ne rage ƙarfin da ke isa taya lokacin tashi. A Marsandi motar na tashi da giya ta biyu maimakon ta ɗaya, kuma tana saurin hawa giya ta gaba. A Lexus kwamfuta na sassauta amsawar totur. Nauyin tashin da ake kuka da shi, shi ne aikin. A Marsandin da suka biyo baya an sauya W zuwa C, amma nan ma da giya ta biyu take tashi. A Land Cruiser rubutun 2nd STRT ne. Mai giyar hannu zai iya yin haka da kansa: ya tashi da ta biyu, ya saki kuloci a sannu.

Idan kuma bayan motar ya riga ya fita, abin da jiki ke umarta shi ne a danna birki, kuma shi ne mafi muni, domin birki na tura nauyi gaba ya ƙara sauƙaƙa bayan da tuni ya rasa riƙo. Abin yi shi ne a sassauta totur ba tare da fizge ƙafa ba, mai giyar hannu ya danna kuloci, a juya sitiyari zuwa ɓangaren da bayan ya tafi. Idan ya zame dama, sitiyari dama. Ido ya tsaya a kan inda ake son zuwa, ba a kan bishiyar da ake tsoro ba, domin hannu ido yake bi. Sannan a shirya mayar da sitiyari da wuri. Yawancin masu faɗawa rami sun gyara zamewar farko, ta biyun ce ke kayar da su: tayoyin sun sake kamawa alhali sitiyari na nan a juye, sai motar ta wulla ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko.

Batun nauyi ma na da muhimmanci. A Amurka da Kanada masu a-kori-kura kan sayi buhunan yashi da kuɗinsu su ɗora a baya duk hunturu, abin da zai ba mutumin Sule Tankarkar dariya, tunda shi yashi har ƙofar ɗakinsa yake zuwa kyauta. Amma dabarar gaskiya ce. Direban da ya kai kaya Maigatari da safe ya dawo fanko da yamma, motoci biyu daban ya tuƙa, kuma ta yamman ce ke saurin juyawa. Buhu biyu ko uku, a ɗaure, daidai saman aksul ko ɗan gaba da shi, suna canza halinta. Akasin haka shi ne lodin da ya zarce bodi ya rataya a baya, irin wanda ake yawan gani ranar kasuwa. Wannan gaban motar yake ɗagawa, sai sitiyari da birkin gaba su rasa ƙarfi.

Ɗan'uwan sensar waya da ke ƙarƙashin kujera

Waya na gane an kwantar da ita ne ta juya allo saboda wata 'yar mitsitsiyar sensa mai auna motsi. Masu buga PUBG da Call of Duty kuma sun san ɗayar, jairo, wadda ke ba su damar saita bindiga ta hanyar karkata waya. Irin waɗannan sensoci biyu suna cikin motocin zamani, yawanci a tsakiyar mota kusa da sandar giya ko ƙarƙashin kujera, kuma kamfanin Bosch na Jamus na ƙera na mota da na waya duka. Wanda ke son ganin aikinsu da idonsa zai iya sauke manhajar phyphox, ta jami'ar RWTH Aachen, kyauta ce. Ya zauna a kujerar fasinja, ya ajiye wayar a shimfiɗe, ya ga yadda layin ke tashi duk lokacin da motar ta sha kwana.

Abin ya fara ne da ABS, wanda Marsandi da Bosch suka fito da shi a S-Class a 1978: sensa a jikin taya tana ƙirga juyawarta, idan ta ga tayar na shirin ƙamewa sai a sassauta mata birki a sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Karkarwar da ake ji a feda ke nan, kuma ba lalacewa ba ce, a ci gaba da dannewa kawai. A 1995 aka ƙara abin da Marsandi ke kira ESP, Toyota da Lexus ke kira VSC, BMW kuma DSC, Honda VSA. Ga mai rubuta manhaja, tsarin ba baƙo ba ne: zagaye ne da ke maimaita kansa sau da yawa a daƙiƙa, yana kwatanta lamba biyu. Sensar sitiyari ta faɗi inda direba ke son zuwa, jairo ya faɗi yadda motar ke juyawa a zahiri. Idan suka saɓa, kwamfuta ta rage wutar injin ta kama birkin taya guda ɗaya tak. Bayan mota ya fita, sai ta kama tayar gaba ta wajen kwanar. Babu direban da zai iya wannan komai gwanintarsa, domin fedar birki ɗaya gare shi.

Abin da ya yaɗa wannan fasaha wani abin kunya ne da ya samu Marsandi. A 1997 wata mujallar motoci ta Siwidin, Teknikens Värld, ta gwada sabuwar A-Class da gwajin kauce wa dabbar da ta faɗo hanya kwatsam, sai motar ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya gyara ta, ya sa mata ESP. Yau tilas ne ga sababbin motoci a Amurka tun samfurin 2012, a Tarayyar Turai kuma tun Nuwamban 2014. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano cewa yana rage haɗuran kisa na mota ɗaya da kusan rabi. Gwajin na Siwidin kuma ba baƙon abu ba ne ga wanda raƙumi ko saniya ta taɓa tsallaka masa hanya da magariba kusa da Maigatari.

Abin takaicin shi ne a motoci da yawa da ke yawo a nan wannan kariya a mace take. Fitilar ABS na kunne a dashbod wata da watanni, an saba da ita, wani lokaci ma mai sayar da mota ya sa an cire ƙwan. ESP da sensocin ABS yake aiki, idan ɗaya ta mutu shi ma ya tsaya. Gwajin mai sauƙi ne: a murɗa makulli ba a tayar da injin ba, fitilar ABS da ta hoton mota mai zamewa dole su kama, sannan su mutu bayan 'yan daƙiƙu ko bayan an tayar da injin. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Sau da yawa matsalar ba ta wuce wayar da ta tsinke ko sensar da laka ta toshe ba. 'Yar na'urar ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, tare da manhaja irin Car Scanner, na karanta matsalolin injin, amma masu arahar ba kasafai suke iya shiga kwamfutar ABS ba, wannan sai wajen mai babbar na'urar duba mota. Tayoyi masu girma daban-daban ma na rikita lissafin, domin ƙaramar ta fi saurin juyawa, kwamfuta ta ɗauka zamewa take.

Rairayi: inda dokokin ke juyewa

Sunan jihar kansa daga nan ya fito. Jigawa ƙasa ce mai yashi, kuma da zarar an sauka daga kwalta zuwa ƙauyukan Maigatari da Sule Tankarkar, shi ake takawa. A rairayi matsalar ba zamewa ba ce, nutsewa ce. Taya na lumewa, tudu na taruwa a gabanta, motar kullum kamar hawan dutse take. Mai turin baya na da ƙarin wahala: tayoyin gaba, waɗanda nauyin injin ke dannewa, ba sa taimakawa da komai, huɗa kawai suke yi kamar garma, na baya ne za su tura su.

Saboda haka abin da ake bukata a nan shi ne ƙarfi mara yankewa da gudu matsakaici wanda ba ya tsayawa. SNOW ba shi da amfani, cutarwa ma yake. Na'urar hana taya juyawa a banza, TRC a Toyota, ita ma a nan abokiyar gaba ce: tana ganin taya ta ɗan juya fiye da kima sai ta yanke wuta, daidai lokacin da ake bukatarta, motar ta lafa ta kafe. Wannan ne dalilin da ya sa aka yi maɓallin kashe ta, kuma littattafan motocin kansu sun ambaci yashi, laka mai zurfi da tulin dusar ƙanƙara a matsayin wuraren da ake kashewa. Da an hau kwalta a mayar da ita. A zaɓi giya tun kafin a shiga, ta biyu yawanci, kada a sauya a tsakiya, domin da an danna kuloci rairayi zai tsayar da motar nan take. Mai fo-wil ya sa 4H tun kafin ya shiga, ba bayan ya kafe ba, ya kuma cire idan ya hau busasshiyar kwalta don kada ya lalata giyar tsakiya. Idan za a tsaya, a bar motar ta tsaya da kanta. Birki mai ƙarfi na tara tudu a gaban taya, kuma ABS na tsawaita tazarar tsayawa a yashi. Rairayin asuba, mai sanyi da ɗan danshi, ya fi na azahar ɗaukar mota.

Dabarar da ta fi kowace aiki ita ce rage iskar taya. Tayar da aka saba hura wa 32 zuwa 35 a ma'aunin mai faci, idan aka sauke ta zuwa wajen 18 ko 20, inda take taɓa ƙasa na ƙara tsawo sosai, sai ta hau saman yashin maimakon ta yanka shi, kamar tafin raƙumi. Sharaɗi biyu ne: ba gudu, ba kwana mai kaifi, don kada tayar ta fita daga rim, sannan dole a mayar da iskar kafin a yi tafiya a kwalta. Taya mai ƙarancin iska a kwaltar Afrilu zafi take ɗauka har ta fashe. Ɗan famfon lantarki da ake jonawa a soket ɗin mota, da ma'aunin iska na aljihu, sun fi wa mai bin waɗannan hanyoyi amfani fiye da sabuwar rediyo mai allo.

Idan mota ta kafe, abu na farko shi ne a ɗaga ƙafa. Kowace daƙiƙa da taya ke juyawa a wuri ɗaya rami take haƙa, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Za a lura sau da yawa taya ɗaya ce ke juyawa, ɗayar na tsaye. Aikin tukunyar nan ce ta tsakiyar aksul, difarenshal. An yi ta ne don tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, kuma tana raba ƙarfi daidai tsakanin biyun, wanda ke nufin tayar da ke kan ƙasa mai kyau ba za ta samu fiye da abin da mai juyawa a banza ke iya ɗauka ba. Wasu Hilux da Land Cruiser na da maɓallin kulle ta. Wanda ba shi da shi, akwai tsohuwar dabarar direbobin Fijo: a ɗan ja birkin hannu ƙwas biyu ko uku, ba duka ba, yayin da ake ba da wuta a hankali. Birkin na riƙe mai juyawar, sai ɗayar ta samu abin turawa. A mota mai jan gaba wannan ba ya aiki, tunda birkin hannu baya yake kamawa.

Sauran aikin hannu ne. A kwashe yashin gaban dukkan tayoyi huɗu, a miƙe sitiyari, a shimfiɗa tabarmin ƙafa na mota ko karan gero ko rassa a ƙarƙashin tayoyin baya. Komawa da ribas a kan sawun da aka shigo ya fi sauƙi, domin motar ta riga ta danne shi. Kada kowa ya tsaya daidai bayan taya, tana iya wullo abin da aka sa mata. Idan tarakta ko wata mota ce za ta ja, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi don haka, ba a bamba ba, mutane su matsa nesa. Taswirar Google kuma na nuna hanya ce kawai, ba ta nuna zurfin yashinta, kuma kusa da iyakar Nijar sabis kan ɗauke, don haka a sauke taswirar yankin tun daga gida, a tura wa wani inda ake ta WhatsApp kafin a bar kwalta.

Tayar hunturu a ƙasar zafi

Akwai wani abin da ya zo daga ƙasashen ƙanƙara wanda bai kamata a karɓa ba. A lardin Kubek na Kanada doka ce a sa tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, Jamus ma na tilasta ta idan hanya ta yi ƙanƙara. Robarta mai taushi ce, an haɗa ta don ta kama hanya idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Idan ta tsufa a can, wasunta na ƙarewa a kasuwannin tayar gwanjo na nan, duk da cewa tsohuwar taya na cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su. Mai saye na ganin zanenta da zurfi, da ƙananan tsage-tsage masu yawa, sai ya ɗauka ya yi sa'a. A Gumel, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka nesa, wannan roba laushi take ƙarawa, ta cinye da wuri, ta tsawaita birki, ta sa bayan mota rawa a kwana.

Gane ta ba wuya: a gefen tayar akwai hoton dutse mai kai uku da tauraron dusar ƙanƙara a cikinsa. A wannan gefen kuma akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, na ɗaukar shekara huɗu daga wannan kwanan wata a matsayin wa'adin taya. A haska fitilar waya a ɗauki hoton lambar kafin a biya kuɗi, domin wani lokaci tana ɓangaren da ke kallon cikin mota. Wanda kuɗinsa na taya biyu ne kawai, sababbin baya za su tafi, tsofaffin masu ɗan dama su koma gaba.